Ƙafar Saje Arzika

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, mu kuma muka zauna a tsakani muna ɓata lokaci. Duk mai ɗan'uwa da ke sa kaki ya karanta wannan. In bai iya ba, ya nemi mai karanta masa.

Sunana Nomau. Gyaran injin ban-ruwa nake yi a Argungu. Ƙanena Arzika, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan sanda ne mai igiya uku, yana aiki a Birnin Kebbi, yana haya a Badariya da matarsa Kulu da 'ya'ya biyar. Lokacin da abin nan ya faru saura masa shekara biyu da 'yan kai ya yi ritaya ya fara cin fansho. A kan waɗannan shekaru biyun komai ya lalace.

Ni ban taɓa son aikinsa ba, kuma ya sani. A zagi 'yan sanda a gabana in yi shiru, wata rana ma in taya. Amma nono ɗaya muka sha.

Akwai wani katako da suke kafe wa ƙusoshi, su shimfiɗa a titi idan sun kafa shinge, don mai mota ya tsaya ko ya so ko bai so ba. Ranar suna wajen Ambursa, wani mai a-kori-kura ya ƙi taka birki, Arzika ya yi tsalle gefe ya dira a kan katakon. Ƙasan but ɗinsa ya daɗe da cinyewa. Ƙusa ta shige masa tafin ƙafar dama. Bai ji komai ba. Ya ƙarasa aikinsa, ya koma gida, sai da ya tuɓe takalmi Kulu ta ga safa ta jiƙe sharkaf da jini.

Mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ai da magana. Maganar ita ce suga. Tun bara wani mai kemis ya gwada shi ya gaya masa, shi kuwa ya haɗiye zancen, ko Kulu bai gaya wa ba. Dalili, a tsakanin ƙananan 'yan sanda akwai wata magana da kowa ya haddace kamar Fatiha: wanda duk likita ya rubuta wa ciwo mai tsawo, bod za a yi masa. Bod, wato manyan likitoci su zauna su ce ba ka iya aiki, a sallame ka kafin lokacinka, fansho ya bi ruwa. Ba wanda ya taɓa ganin inda aka rubuta haka. Kowa dai ya san wani da ya san wani da aka yi wa.

Makon farko, ruwan zafi da gishiri, da kafso ja-da-rawaya daga kemis. Da safe ya ɗaure ƙafar da tsumma ya cusa a but ya tafi fareti, yana buga ta a ƙasa kamar kowa. Da ta kumbura but ya ƙi shiga, sai ya tafi wurin 'yan gwanjo ya sayo wanda ya fi girma. Wannan shi ne maganin da ya yi wa kansa: babban takalmi.

Ana cikin mako na uku Kulu ta kira ni.

"Yaya Nomau, ka zaka ka gane ma idonka. Ƙanenka na kashe kainai, ni ya hana ni magana."

Na bar inji a buɗe na hau babur. Na iske shi a tsakar gida bisa tabarma, ya dawo daga aiki, ƙafar tana cikin but har lokacin.

"Saje, tuɓe."

"Haba Yaya, ɗan abu kaɗan na. Kulu ce da surutu awa rediyo mai sabon batir."

"Tuɓe, ko in tuɓe maka."

Ya tuɓe. Rami ne a tafin ƙafar, bakinsa fari, yana tsiyayar ruwa, babban yatsa ya fara duhu kamar ɗanyen dabino da ya lalace. Na ce tashi mu tafi asibiti yanzu.

Ya ce, "In nit tai asibiti, rubutawa za su yi. In sunka rubuta, oga shi gani. In oga yag gani, bod. Kai ka ciyar min da ɗiya biyar? Da gyaran inji?"

Wannan ta ƙarshen ta shige ni, don gaskiya ce. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Bai motsa ba.

Da tsayuwa ta gagare shi, sai ya nemi izinin 'yan kwanaki a ofis, ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya. Inna kuwa ranar tana bakin murhu tana soya kifi. Ya zo gida Argungu ya kwanta a ɗakin da aka haife shi, wai kafin izinin ya ƙare ƙafar ta warke.

Nan 'yan'uwa suka buɗe asibitinsu. Kawu Hantsi, ƙanen Inna, shi ne babban likita. Ya duba ƙafar ya girgiza kai.

"Wanga ba aikin ƙusa ba na. Mutumin da yak kwashe shekara talatin yana tare bayin Allah bisa hanya, a ce ba a samu wanda yab bizne mai wani abu ba? Takawa yay yi."

Aka kawo rubutu aka sha. Aka daka bagaruwa aka barbaɗa. Wata ta ce zuma, aka zuba zuma, ƙudaje suka yi godiya. Sannan Kawu ya kawo wanzami ya narka man shanu yana tafasa, ya ɗiga a cikin ramin. Ni da ke tsaye sai da na runtse ido. Arzika ko gezau. Kawu ya juyo ya dube ni yana murmushi.

"Ka gani, mai asibiti? Ko zahi bai ji. Sauƙi ya samu."

Jama'a, ku riƙe wannan ko kun manta sauran. Ƙafar da ba ta jin zafi ba warkewa take yi ba. Mu mun ɗauki mutuwarta a kan samun sauƙi, har Inna ta yi sadakar masa.

Kullum na ce asibiti, Arzika ya ce in na kai shi bai yafe mini ba duniya da lahira. Izini ya ƙare, ya kashe waya don kada oga ya kira. Wata ya mutu, albashi bai shigo ba. Kulu ta aiko cewa wani kofur ya zo gida ya ce an sa sunan Saje cikin masu gudun aiki. Ka ji. Aikin da yake tsaron ƙofarsa da ƙafarsa, ga shi yana fita ta taga.

Bazara ce, zafi kamar a bakin tanda. Ni cikin masunta na girma, na san warin kifin da ya kwana a rana. Wannan ya wuce nan. Inna ta ƙona turaren wuta har ya ƙare, yara suka daina shiga sashen. Zazzaɓi ya rufe shi, ya fara sambatu da rana tsaka. Kaza ta leƙo ɗaki sai ka ji ya daka mata tsawa: "Tsaya nan! Faka da kyau! Ina takardu?" Inna ta yi dariya sau ɗaya, dariyar ta juye kuka.

A wannan halin wani tsoho ya yi sallama, Kulu na biye da shi. Dogo, siriri, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe. Ya ce sunansa Bawa, sufeto ne mai ritaya. Matar wani ɗan sanda ce ta kai Kulu wurinsu. Ya ce suna da ƙungiya, tsofaffin ma'aikata da wasu likitoci da lauyoyi, suna taimakon masu kaki da ciwo ya kayar ko shari'a ta rutsa da su, 'yan sanda, gandirobobi, duk dai irinsu.

Na ce, "Ƙungiya? Ku ne masu aza ma mutum buhun shinkafa bisa kai ku ɗauki hoto?"

Ya ce, "Mukan ɗauka, in an yarda. Shinkafa dai ba mu da ita. Ina majinyacin?"

Ya shiga ɗakin bai toshe hanci ba. Wannan na lura da shi, don Kawu ma da rawani yake rufe fuska. Ya tsuguna ya ɗaga zanen ya duba, ya mayar ya rufe.

"Saje, maganar aiki ka bar ma lauyarmu. Ƙafa ba ta jira. Asibiti za mu."

Arzika ya fara karatun nan nasa na bod da ɗiya biyar. Tsohon ya miƙe tsaye, muryarsa ta canza kamar ba shi ba.

"Saje Arzika!"

"Sa!"

"Ba shawara niz zaka yi da kai ba. Oda ce. Ka shiga mota."

"Yes sa."

Shi ke nan. Abin da kukan Inna bai yi ba, abin da faɗana na mako da makonni bai yi ba, wani tsoho da ya aje kaki tuntuni ya yi shi da tsawa ɗaya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na gode masa, amma raina na ɓaci. Ashe ƙanena ba shi da wa, sai oga.

Motar ƙungiyar tana gareji, wai ta daɗe a can. Shata muka ɗauko daga tasha, direban ya ƙara kuɗi saboda wari, ya sauke gilasai duka har Birnin Kebbi. A asibiti, layin kati daban, layin ganin likita daban, gado babu. Likitan ƙungiyar yana ɗakin tiyata, aka ce mu jira. Muka kwantar da Arzika a baranda. Wani ƙato da ke gabanmu a layi, hannunsa naɗe da bandeji, ya ƙura masa ido, can ya washe baki.

"A'a! Yallaɓai na hanyar Ambursa! Yau kai ma an tare ka? To ina takardu?"

Mutane suka kwashe da dariya. Na yunƙura, Arzika ya riƙe mini riga. Ya ce da ƙyar, "Takardu sun cika, direba. Taya ce tap pashe."

Ƙaton ya leƙa ƙafar, dariyar ta ɗauke. Da layi ya zo kansa ya ce a shiga da Yallaɓai tukuna. Ban san sunansa ba. Allah ya ba hannunsa lafiya, ya kuma shirya bakinsa.

Likitan yaro ne a kaina, ba ya kwana-kwana. Ya soka allura a yatsun, ya haura, ya haura, sai wajen idon sawu Arzika ya ce wash. Ya faɗi wata kalma da ta zauna mini a kai har yau, gangirin. Na ce ya yi mini Hausa.

Ya ce, "Naman ya mutu, Malam. Ba a jinyar gawa, rufe ta ake yi. In an bar ta za ta ja mai ran su tafi tare. Wa ya zuba mai mai zafi a nan?"

Wanda ya sa aka zuba ba ya nan. Kawu yana Argungu yana shan fura.

Aka fara da yanke yatsu da rabin tafin ƙafar, likita ya ce a gwada ko za a tsira da diddige. Muka shiga makon wankin ciwo. Kowace safiya a kwance bandeji, mu leƙa kamar manomin da ke duba ko shuka ta tsiro. Jan nama muke nema. Kwana biyun farko an ga ja, Kulu har ta kira Inna ta yi mata albishir. Daga nan baƙi ya sake ɓullowa ta gefe, yana hawa a hankali.

Maganar kuɗi ba zan tsaya lissafi ba, wanda ya yi jinya ya sani. Ƙungiya ta ɗauki tiyata da allurai masu tsada, wannan gaskiya ne, kuma ba don su ba da yanzu ta'aziyya ake yi mana. Amma auduga, safar hannu, gwajin jini, abinci, kuɗin mota tsakanin Argungu da Birni, duk namu ne. Na sayar da albasata tun ba ta yi daraja ba. Keken ɗinkin Kulu ya tafi. Lokacin ban-ruwa ne, injuna na lalacewa a fadama, masu su suka gaji da jirana suka kai wa wani. Abokan aikinsa kuwa, waɗanda suke raba kwano da shi a bakin hanya, biyu suka leƙo, su ma a tsaye, suna waige-waige kamar gudun aiki cuta ce mai yaɗuwa. Sufeto Bawa ne kusan kullum yana nan, da ɗan kwanon fate ko dafaffen wake, yana faɗa da duk wanda ya kawo wa mai suga lemon kwalba.

Da likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, Arzika ya juya fuska bango yini guda. Da la'asar ya ce, "Oga Bawa, ka taɓa ganin ɗan sanda mai ƙafa guda?"

"Na ga masu ƙafa biyu cikin likkafani, da yawa. Sa hannu, Saje."

Ya sa.

Inna ta aiko da farin ƙyalle, ta ce ba a yar da naman ɗanta a bola ba, a rufe shi kamar na Musulmi. Da aka yanke ƙafar, ni aka miƙa wa. Na naɗe, na rungume a gaban babur zuwa maƙabarta. Ban san ƙafa na da nauyi haka ba. Mai gadin wurin ya tarbe ni da gaisuwar rashi, ya dubi ƙunshin ya ce, "Allah shi sa mai ceto na. Namiji ko mace?" Jariri ya zata. Na ce masa namiji ne, shekararsa hamsin da wani abu. Ya dube ni kamar mahaukaci, ya ɗauko magirbi.

Bayan wannan zazzaɓi ya sauka, dungun ya fara haɗewa, aka koya wa Kulu yin allurar suga. Wata daga ƙungiyar ta zo ta ɗauki hoto, kamar yadda na faɗa tun farko. Sun yi alkawarin ƙafar roba, har yau muna jira, wai layi ne. Ofishinsu ɗaki biyu ne da fanka ɗaya. Ina gode musu, ina kuma tambaya: tunda kun san wannan tsoron yana cikin bariki, me ya hana ku bi su shinge-shinge ku gaya musu tun suna da ƙafafunsu? Sufeto ya ce mutum nawa gare su. To. Ni dai ga shi na faɗa. In naka ya fara ɗingishi yana cewa ba komai, kada ka tsaya lallashi. Nemo wanda ya girme shi a kaki.

Saura maganar aiki, wadda saboda ita aka yi duk wannan asarar. Lauyar ƙungiyar, Barista Hadiza, 'yar gajeruwa mai gilashi, ta yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da hedikwata har aka sa ranar zama. Irin shari'arsu ce ta cikin gida, su suna ce mata odili rum. Lauya ba ya shiga. Ta shirya bayanin likita, ta koya wa Arzika abin da zai faɗa, ta ce za ta jira a waje.

Ya ce shi da kaki zai je. Kulu ta goge shi har yana ɗaukar ido, ta naɗe ƙafar wandon dama ta kama da fil. A ƙa'idarsu mai laifi yakan shiga ba hula ba bel, ana ba shi lef-rai yana maci. Kofur ɗin da zai ba da lef-rai ɗin ya dubi sandunan da ke hammatar Arzika, ya fasa. Aka bar ni na shiga da shi don in tallafe shi.

Babban jami'in da ke kan kujera ya karanta laifi, ya karanta bayanin likita, ya daɗe yana kallon fil ɗin nan. Sannan ya yanke: an yi masa gargaɗi kan barin aiki ba izini, za a sake masa albashinsa, zai koma aiki a zaune, a kan kantar ofis, har ranar ritayarsa.

"Ka gane, Saje?"

Shekara talatin da wani abu jiki ya saba. Arzika ya saki sandar dama don ya sara, ya ɗaga gwiwa zai buga ƙafa ya ƙame. Ba abin bugawa. Ya tafi gaba ɗaya, na tare shi a ƙirjina kafin ya kai ƙasa. Yana rungume a hannuna, hannunsa na goshi, ya ce, "Na gode, sa!"

A waje, ƙarƙashin dogon yaro, Sufeto Bawa na ta hamdala, Barista na murmushi. Arzika ya zauna a benci yana haki. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Barista, tambaya guda. Da tun ranar da nit taka ƙusar nan nit tai asibiti, anka rubuta suga, oga yag gani, da an kore ni?"

Ta dubi Sufeto. Sufeto ya dubi ƙasa.

Barista ta ce, "Saje, an gama lafiya, mu bar..."

"A'a, ranki shi daɗe. Gaya min."

Ta cire gilashinta. "Ba a korar mutum don yana da suga. Hutun jinya za a ba ka. In tsayuwa ta yi maka wuya, a ba ka wannan kantar dai da aka ba ka yau."

"Wagga dai?"

"Ita."

Ya gyaɗa kai. Ya yi mata godiya sosai, ya yi wa Sufeto, har da addu'a. Na tare mana Keke Napep, na ɗora shi, na jera sandunan a gefe. Muka kama hanya har muka shiga Badariya. Mun kusa kwanar gidansu, yaransa sun hango mu sun taso da gudu, sai ya taɓa ni.

"Yaya."

"Na'am."

"Baristar ga ba ta da tausai. Da ta yi min ƙarya, mi za ta rasa?"